Intabiyun feloshif a Amurka: ta Zoom ko a taka a je?

Wa alaikumus salam, Dakta. Tun jiya na ga tambayarki, aikin dare ne ya hana ni zama. Kin ce kina shekarar ƙarshe ta razidansin cututtukan cikin jiki (horon ƙwarewa da likita ke yi bayan ya gama makaranta) a nan Amurka, kin nemi feloshif na ƙoda, yawancin asibitocin da suka gayyace ki sun ce ta Zoom za a gana, biyu kuma sun bar miki zaɓi: ko ta bidiyo, ko ki je da ƙafarki. Kina son sanin wanne ya fi. Ni na yi nawa a 2018, lokacin da babu makawa sai an hau jirgi, yanzu kuma ina cikin masu yi wa 'yan takara tambayoyi ta fuskar kwamfuta. Na ɗanɗana kowanne ke nan.

Don 'yan uwa da ke gida kada a ruɗe: wannan feloshif ba shi ne wanda Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma ko kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas ke bayarwa ba. Can, matsayi ne da likita ke samu idan ya kammala razidansi. Nan kuwa ƙarin horo ne bayan shekara 3 na razidansi: ƙoda da cututtuka masu yaɗuwa shekara 2, zuciya da hanji shekara 3. Ana tura takardu ta ERAS, shafin neman gurbin horo, asibitoci su fara dubawa a watan Yuli, a yi ta ganawa daga Agusta har wajen farkon Nuwamba, masu nema da asibitoci kowa ya miƙa jerin zaɓinsa ga NRMP, hukumar da ke haɗa mai nema da asibiti, sakamako ya fito wajen farkon Disamba, a fara aiki a Yulin shekara mai zuwa. Korona ce ta kawo bidiyo cikin lamarin: a Mayun 2020 gamayyar ƙungiyoyin da ke kula da horar da likitoci ta ba da shawarar a yi duk ganawar wannan kakar ta intanet. Annoba ta lafa, amma AAMC, ƙungiyar kwalejojin likitanci mai tafiyar da ERAS, ta ci gaba da ba da wannan shawara a shekarun da suka biyo baya.

Maganar aljihu da lokaci ba ta da tsawo, bidiyo ya yi nasara. A zamanina kuɗin jirgi, otal, tasi da abinci kusan duk daga albashin razidan suke fita, albashin da da ƙyar yake kai ƙarshen wata. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne neman wanda zai riƙe miki marasa lafiya. Kowace tafiya kwana biyu ce, kowane kwana biyu kuma bashi ne da za ki biya abokiyar aiki da daren Asabar. Na taɓa gama aikin dare ƙarfe bakwai na safe, na hau jirgin azahar, na kwana a kujerar filin jirgi saboda hadari ya hana jirgi na biyu tashi, na isa wurin intabiyu da kayan jikina a yamutse. Yau rabin yini kawai za ki nema, ki rufe ƙofa, ki gama, ki koma kan aiki.

To yaya suke ganinki? Nan mutane ke yawan fargaba, ni kuma a ganina an kambama abin. Kafin fuskarki ta bayyana na riga na karanta wasiƙun malamanki, sakamakon jarrabawarki da binciken da kika yi. Minti ashirin ko talatin ɗin da za mu yi, tambaya ɗaya nake son amsarta: wannan za a iya barin mara lafiya a hannunta ƙarfe uku na dare? Ana gane wannan ta bidiyo tsaf, daga yadda kike ba da labarin mara lafiyar da ya ba ki wahala da yadda kike faɗin kuskurenki ba tare da kewaye-kewaye ba. Abin da bidiyo ke ɓatawa ƙanana ne, kuma duk suna gyaruwa. Mu masu duhun fata, idan taga na bayanmu, kyamara sai ta bi hasken ta bar fuskar kamar inuwa. Bara na yi minti ashirin ina magana da wani bawan Allah ban ga idonsa ba. Ki fuskanci taga, ko ki sa fitila a gabanki. Ki ɗora kwamfutar kan littattafai har kyamara ta daidaita da idonki, ki riƙa kallon kyamarar, ba hoton kanki ba. Hijabi mai launi ɗaya wanda ya bambanta da bango ya fi fitowa. Ki nemi abin sa wa a kunne mai waya, domin idan sauti na yankewa, Baturen da bai saba da lafazin Turancinmu ba zai ɗora laifin kan harshenki ne, ba kan intanet ba. Kuma ki miƙa wa wani wayar kiran asibiti, kada ta yi ta kuka a tsakiyar amsarki.

Inda zuwa da kai ya fi aike shi ne ɗaya ɓangaren: yadda ke za ki gan su. Intabiyu ba su kaɗai ke zaɓe ba, ke ma zaɓe kike yi, kuma sakamakon NRMP alkawari ne mai ɗaure mutum. Inda ya faɗa, can za ki je. Ta Zoom, abin da suka ga dama shi za ki gani: hotunan gini da rana tsaka, shugaban shirin yana murmushi, 'yan feloshif biyu ko uku da aka zaɓo, kowa na cewa "mu nan kamar 'yan gida ɗaya muke". Kowa haka yake cewa. Sanya wurin da ba ki taɓa takawa ba a saman jerinki ya ɗan yi kama da cinikin biri a sama.

Bari in ba ki misali da kaina. Akwai wani asibiti mai suna da na ɗauka shi zan sa na farko. A liyafar daren jajibiri, 'yar feloshif ɗin da ke kusa da ni wayarta ta yi ƙara sau huɗu kafin a kawo abinci, alhali ba ita ce mai aikin dare ba. Da safe aka zagaya da mu, na leƙa ɗakin kwanan mai aikin dare: katifa ce a wani lungu kusa da ɗakin wankin ƙoda, ga kwalayen kaya jibge. Babu wanda ya faɗa mini kalma ɗaya ta aibu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na sauke su zuwa na biyar. Wani wurin kuma da na je ba don ina so ba, na tambayi sakatariyar shirin inda zan yi sallar azahar, ta ɗauko makulli ba ko ɗar ta buɗe mini ɗaki, har da darduma a ninke a kusurwa, alamar akwai waɗanda suka riga ni. Da na fito na zaga gari da tasi, na ga shagon naman halal da masallaci mai Islamiyyar yara ranar Lahadi. Can na yi shekaru biyuna. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai fito a Zoom.

In dole ta bidiyo ce, akwai dabarar rage asarar. A zauren 'yan feloshif kada ki tambayi "kuna jin daɗi?", ki tambayi abin da ke da adadi: wa ya yi aikin daren jiya, sau nawa aka kira shi, sau nawa ya fito daga gida? Wa ke sa bututun wankin ƙoda da dare, ku ne ko likitocin sashen kulawa ta musamman? Ana dashen ƙoda a nan ko sai an tura ku wani asibiti? Waɗanda suka gama bara ina suke aiki? Ki lura da wanda ya yi shiru, ki nemi lambarsa, ki kira shi bayan kwana biyu. Maganar biza kuwa a rubuce za ki neme ta: J-1 kaɗai suke karɓa ko har da H-1B? J-1 iyakarta shekara 7 a horon likita, kuma tana zuwa da sharaɗin komawa gida shekara 2, sai in an samu sassauci ta hanyar yin aikin shekara 3 a yankin da ke ƙarancin likitoci.

Akwai wata illa ta bidiyo da ba a cika faɗa ba. Da can tsadar tafiya ke sa mutum ya ƙi gayyatar da ba ya so, gurbin ya faɗa wa wani. Yanzu tunda kyauta ne, masu ƙarfin takarda sai su kwashe gayyata su rungume, na tsakiya su yi ta jira. Abin ya fi cizo a feloshif na zuciya da na hanji, inda masu nema suka fi gurabe yawa nesa ba kusa ba. A ƙoda da sauƙi, don an sha kammala kaka da ragowar gurabe. Duk da haka, wurin da kin san ba za ki je ba, ki sake shi da wuri, akwai mai jira.

Su kuma waɗannan biyun masu ba da zaɓi, za su ce miki duk ɗaya ne a wurinsu, kuma na yarda da niyyarsu. Sai dai ɗan Adam ne ke ba da maki, wanda aka ci abincin rana da shi ya fi zama a rai. Shi ya sa ni ban son tsarin gauraye, ya fi cutar da mai ƙaramin aljihu da mai goyo. Tunda ga shi a gabanki, ga abin da zan yi: in ɗaya cikinsu na cikin ukun farko a ranki, ki je. In ba ya ciki, ki yi ta Zoom, ki adana kuɗin don ziyarar gani da ido zuwa wuraren da kike so da gaske. Ki tambaye su ko ziyarar na shafar maki. Wasu sai sun gama tsara jerinsu suke buɗe ƙofa, kuma irin wannan ta fi kwanciyar hankali. Duk wanda ya tambaye ki lamba ta nawa za ki sa su, ko ina da ina kika nema, ya saɓa ƙa'idar NRMP, ba dole ki amsa ba. Jerinki kuma ki tsara shi bisa son ranki, ba bisa hasashen wa zai ɗauke ki ba, don lissafin da NRMP ke yi daga zaɓin mai nema yake farawa.

Kin ambaci cewa kina da hutu a Oktoba kina son zuwa Kano. In za ki yi wata ganawa daga can, ki tuna ƙarfe tara na safe a Niyok ƙarfe biyu ne na rana a gida, in kuma Kalifoniya ce ƙarfe biyar na yamma, sannan daga Lahadin farko ta Nuwamba a ƙara awa ɗaya. Ki tanadi layin waya biyu da inbata mai cikakken caji, ki kuma duba hatimin bizar da ke fasfonki bai ƙare ba kafin ki sayi tikiti.