Gargaɗi Ga Masu Neman Injin Tsohuwar Babbar Mota A Kano

'Yan uwa direbobi da iyayen gidanmu masu motoci, a yi hattara da wasu 'yan kayi-nayi da ke tare mutane a bakin kasuwar kayan mota. Ba su da shago, ba su da rasit. Da sun ji kana cigiyar injin Mercedes 911, sai su ce akwai ɗan Baljiyam sabon saukewa, su ja ka wani lungu.

Abin da suke yi shi ne su samo tsohon inji samfurin OM352 da ya gaji, su wanke shi da gas, su fesa masa fenti, su liƙa masa farantin lambar wani samfurin, OM366, su karɓi kuɗin 366. Injinan biyu duk silinda shida ne a jere, kuma sun yi kama sosai, shi ya sa abin ke ci. Amma 352 tun 1964 aka fara ƙera shi, lita 5.7 ne, shi kuwa 366 sai a 1984 ya fito, kusan lita 6. Faɗin fistin ɗinsu ma ba ɗaya ba ne: milimita 97 da 97.5. Ka sayi ringi da fistin na 366, bakanike ya buɗe inji, sai kaya su ƙi zama. A lokacin mai sayarwa ya kashe waya.

Don Allah kada ka tsaya a kan faranti. Sa tsumma da fetur ka goge wajen, ka dubi ƙusoshin da suka riƙe shi. In suna ƙyalli alhali jikin injin duk tsatsa ne a ƙarƙashin fenti, an canza farantin. In ka shafa wurin lamba ka ji ya yi sumul ko ya ɗan lotsa, an gurje. Wasu har turbo suke ɗaura wa injin da ba a ƙera shi da turbo ba, abin da ke gama da fistin da wuri.

Ka taɓa injin kafin a tayar. In da ɗumi, sun riga ka ne don ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. Ka ce gobe da sassafe za ka dawo.

Abin yana min ciwo, domin masu saye da yawa bashi suke ci su tayar da motar da ke ciyar da gida. Ka tafi da bakanikenka, ba wanda suka nuna maka ba. A Ƙofar Ruwa akwai 'yan kasuwa masu shago da shugabanni da za a iya kai wa ƙara. A rubuta cikakkiyar lambar injin a rasit kafin ka ba da ko kafin alƙalami.