Wayar AI: wacce ke aiki yau, wacce kuma alƙawari kawai ka saya?

Ranar 10 ga Yunin 2024 kamfanin Apple ya nuna wa duniya sabon Siri, mataimakin murya na iPhone, wanda zai leƙa saƙonninka da imel ɗinka, ka tambaye shi ƙarfe nawa jirgin mahaifiyarka zai sauka ya ba ka amsa. Da wannan aka tallata iPhone 16. Wayar ta shiga kasuwa ranar 20 ga Satumba babu ko ɗaya daga cikin ayyukan Apple Intelligence, wato ayyukan ƙirƙirarriyar basira (AI) na kamfanin. Kashin farko bai zo ba sai 28 ga Oktoba, cikin sabuntawar iOS 18.1. Ranar 7 ga Maris 2025 kamfanin ya amsa cewa Sirin nan zai jinkirta, ya kuma janye tallar da ya yi da 'yar wasan fim Bella Ramsey. A watan aka kai shi ƙara kotun tarayya da ke San Jose, a Afrilu kuma National Advertising Division, mai sa ido kan tallace-tallace a Amurka, ta ba shi shawarar ya cire kalmar da ke cewa ayyukan suna nan a shirye, ya cire.

Wanda ya sayi wayar a Farm Centre ta Kano ba shi da wannan gata. Mai shago ba zai mayar maka da kuɗi ba saboda alƙawarin da ba shi ya ɗauka ba. Don haka tun kana tsaye a gaban shagon ya kamata ka raba ayyukan ƙirƙirarriyar basira gida uku: wanda wayar ke yi da kanta ko babu data, wanda sai ta aika wa kwamfutocin kamfanin ta intanet, da wanda aka ce "yana nan tafe". Na ukun kada ka ƙara masa ko naira ɗaya a lissafinka.

A iPhone abin dubawa ya fi yawa. Apple Intelligence na buƙatar RAM mai 8GB, shi ya sa iPhone 15 da 15 Plus masu 6GB ba za su samu ba, duk sabuntawar da aka yi musu. Daga 15 Pro da 15 Pro Max ne zuwa sama, har da 16e. Yana cin kusan 7GB na ma'ajiyar waya, abin da mai 128GB zai ji a jikinsa. Sai kuma inda mutane da yawa ke ƙonewa, wato wayar kwance: har zuwa 2025 iPhone ɗin da aka sayar a babban yankin China ba ya kunna Apple Intelligence ko da an kawo shi Najeriya. Shiga Settings, General, About, ka dubi lambar samfurin. In ta ƙare da CH/A ta China ce. In LL/A ce ta Amurka ce, amma ka tuna daga iPhone 14 na Amurka ba su da ramin sim, sai eSIM. Abin da ke aiki da gaske shi ne gyaran rubutu, goge abu a hoto, da taƙaita saƙonni, kuma babu Hausa cikin harsunansa. Taƙaitawar ma tana kuskure: a Janairun 2025 Apple ya dakatar da ita ga manhajojin labarai bayan BBC ta koka cewa ana jingina mata labaran da ba ta rubuta ba.

Samsung ya fi cika alƙawari a wannan fanni. Galaxy S24 ta fito a Janairun 2024 da Galaxy AI a kunne: fassara kira kai tsaye cikin harsuna 13, taƙaita rubutu, da Circle to Search inda za ka zagaye abu da yatsa a nemo maka shi. A 2024 nasa tarkon yana cikin ƙananan haruffa a ƙasan talla, inda aka rubuta cewa kyauta ne har ƙarshen 2025, ma'ana a lokacin kamfanin ya bar wa kansa ƙofar sa farashi. Sannan a watan Maris 2024 yawancin ayyukan suka sauko Galaxy S23 ta sabuntawar One UI 6.1, don haka wanda ya sayar da S23 ɗinsa don AI kaɗai bai ƙaru da wani abin kirki ba. Akwai maɓalli a cikin saitin Galaxy AI da ke hana bayananka fita daga wayar. Kunna shi a shago ka sake gwadawa. Duk abin da ya daina aiki, da data yake rayuwa.

Google ma ya sa an jira. Zoom Enhance, mai gyara hoton da aka zuƙo, da aka nuna tare da Pixel 8 Pro a Oktoban 2023 bai iso ba sai Agustan 2024, kuma Video Boost sai ya ɗora bidiyonka a intanet kafin ya gyara, abin da ke lashe data. Ga shi ba a sayar da Pixel a hukumance a Najeriya, gyara da garanti sai wahala.

A kwamfuta labarin ɗaya ne. Microsoft ya tallata Recall, mai adana hotunan abin da ka yi a allo don ka nemo shi daga baya, da kwamfutocin Copilot+ a Mayun 2024, ya janye shi kafin su fito a Yuni saboda ƙorafin tsaron bayanai, bai kai ga jama'a gaba ɗaya ba sai Afrilun 2025. Sharaɗinsa RAM 16GB da ma'ajiya 256GB da na'urar NPU, mai sarrafa ayyukan AI a cikin kwamfutar, mai ƙarfin TOPS 40 (ma'aunin saurinta). Laftof mai maɓallin Copilot kawai ba lallai ta cika wannan ba.

Ga mafi yawan masu saye, zaɓin da ya fi hankali shi ne matsakaiciyar waya mai batir mai kyau da RAM 8GB na gaske. Ka kula da masu rubuta "8+8" a kwali: rabin aro ne daga ma'ajiya, ba ya sauri kamar na ainihi. ChatGPT da Gemini manhajoji ne da ke sauka a kan Tecno, Infinix ko Redmi kamar yadda suke sauka a waya mai tsada, domin aikin ba a cikin wayar ake yin sa ba. Google Translate kuwa yana da Hausa, har ana iya sauke ta a yi amfani da ita babu intanet. In an yaba maka mataimakiyar AI irin Ella ta Tecno ko Folax ta Infinix, yi mata magana da Hausa a nan gaban mai shago ka ji amsarta.

Gwajin bai wuce minti biyar ba. Ka sa mai shago ya kunna wayar da za ka tafi da ita, kada ka yarda da ta nuni ko bidiyon talla. Ka gwada aikin da ya ja hankalinka da data a kunne, sannan ka kashe data da Wi-Fi ka maimaita. Ka duba ko yana neman ka buɗe asusu ko ka sa katin banki. In mai shago ya ce sai an yi sabuntawa, ka ce a yi ta yanzu da intanet ɗinsa kafin ka tura kuɗi, ka kuma sa a rubuta lambar samfurin da IMEI a rasit.