Wata guda kyauta, sai ga alat da asuba

Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Ƙanena ne ya matsa min na buɗe shafi a wani dandalin intanet da ke haɗa ma'aikata da masu ɗaukar aiki. Ba laifi, na samu kwastoma biyu ta can. Sai suka yi min tayin babban tsarinsu, wai wata guda kyauta, amma sai na sa lambar katina. Na sa, na manta.

Wata Laraba ina dawowa daga sallar asuba alat ya shigo: sun cire kuɗin shekara cur, a dala, banki ya juya da nasa farashin. Kuɗin hayar shago ne fa!

A banki aka ce ai ni na ba da izini. Kamfanin kuma ba lambar waya, sai fom. Na cike, na haɗa hoton alat ɗin, na ce ban taɓa amfani da tsarin ba. Sai bayan kwana 9 kuɗin suka dawo, da giɓi saboda canjin dala. Tauraro biyu na ba su wajen ba da maki, katin kuwa tun a ƙofar banki na cire shi daga dandalin.