Sojojin roba na yaƙin hamada: na Italiya sun fi shiga raina

Akwati biyu na saya ta intanet, ɗaya na sojojin Jamus na rundunar Afrika Korps, wadda ta yi yaƙi a Arewacin Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu, ɗaya na sojojin Italiya na wannan yaƙin, duka a sikelin 1/35, wato tsayin kowane soja kusan santimita 5. Wanda bai san harkar ba zai zaci fito da su kawai za a yi a jera. A'a. Gunduwa-gunduwa suke zuwa maƙale a jikin firam: kai daban, hannuwa daban, bindiga da gorar ruwa daban. Kai ne za ka yanke da reza, ka kankare, ka liƙa da gam, sannan ka yi fenti.

Na Jamus ba su ba ni wahala ba. Robar mai tauri ce, gam na kama ta nan take, hannuwan kuma suna zama daidai a kafaɗa. Kayansu sun yi daidai da na rundunar da ta sauka a Tarabulus ta Libiya a Fabrairun 1941 ƙarƙashin Janar Rommel: hula mai baki, dogayen takalma masu igiya, bindigar Kar98k da MP40, da mai ɗauke da MG34. Har da jarka mai cin lita 20, wadda na yi wa farin gicciye, domin haka suke bambanta ta ruwa da ta fetur. Aibinsu kawai, fuskokin duk kusan iri ɗaya ne, kuma tsayuwar tasu ta yi ƙyam da yawa, babu alamar mutumin da rana ta gasa.

Akwatin Italiya shi ne ya ci mini lokaci, shi ne kuma ya biya ni. Bersaglieri ne, sojojin nan da aka sani da tulin baƙin gashin tsuntsu a gefen dama na hularsu. Wanda ya sassaƙa su ya san aikinsa. Gashin bai fito a dunƙule ba, ana ganin tsaginsa ɗaya bayan ɗaya, yana kwanto wa kafaɗa. Da na shafa baƙin fenti, na bi samansa da ɗan kore-kore a bakin busasshen burushi, sai ga shi yana ɗaukar ido. Akwai wani da ya durƙusa da bindigar Carcano, rigarsa ta tattare a gwiwar hannu, naɗin ƙyallen da ke ƙaurinsa ya ɗan sassauta ta gefe ɗaya. A nan na daɗe ina kallo. Mai riƙe da Breda 30 ma an fito da gidan harsashinta da ke gefen dama, abin da ya sa ba ta kama da kowace bindiga.

Amma fa sai da haƙuri. Layin da injin zubi ya bari ya ratsa tsakiyar wasu fuskokin, kuma kankare shi ba tare da an tafi da hanci ba aiki ne ja. Bakin Carcano siriri ne ƙwarai, in ba da hantsaki aka riƙe shi ba karyewa zai yi. Takardar bayani kuwa ba ta ce komai ba kan launi in ban da lambobin fenti. Wanda ya bi ta ido rufe zai samu sojoji fes kamar ranar sallah, alhali kakin hamada rana ce ke cinye shi. Na Jamus da kore-kore yake fitowa daga sito, ya koɗe ya koma kalar yashi. Don haka ban yi wa mutum biyu launi ɗaya ba, na riƙa ƙara fari da ruwan ƙasa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya sa na fi damuwa da na Italiya shi ne yadda ake mantawa da su. In ana zancen yaƙin El Alamein na ƙasar Masar a 1942, Rommel da Montgomery, janar ɗin Birtaniya, kawai ake ji, alhali rundunonin Italiya irin su Ariete da Folgore suna tsakiyar wutar. Kuma mu ma labarinsu ya shafe mu: sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu da Harar ta Habasha daga hannun Italiya a 1941. Ban manta ba cewa gwamnatin da ta tura waɗannan samarin ita ce ta rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931. Shi ya sa na fi son su fito a gajiye, da ƙura a jiki, ba da kwalliyar jarumta ba.

Ga mai son gwadawa, a wanke firam ɗin da sabulu kafin komai, a kuma yi shafin farko, wato fentin share fage da ake fara shafawa a kan robar, in ba haka ba fenti ba zai zauna ba. Da hunturu fentin ruwa na bushewa a kan burushi tun kafin ya kai jikin soja, ƙura kuma tana manne wa ɗanyen fenti, sai a riƙa kifa kwano a kai. Kuɗin aikowa ya kusa kamo kuɗin kayan, gara a haɗa har da fenti da gam a oda ɗaya. Sabon shiga ya fara da na Jamus, in hannunsa ya faɗa sai ya buɗe akwatin Bersaglieri.