Gargaɗi ga masu motoci masu turbo kan gwangwanin tarar baƙin mai

Jama'a, akwai wani mutum da ke tallar gwangwanin tarar baƙin mai a Facebook da WhatsApp. Yana cewa da zarar ka ɗaura shi, motarka za ta daina shan baƙin mai, ta ƙara ƙarfi, ta rage shan fetur. Na biya shi, ya aiko da yaronsa ya ɗaura mini a motata Volkswagen Tiguan mai injin TSI, kuma har yau ban gama biyan kuɗin gyara ba.

Shi gwangwanin na gaske yana da amfaninsa. Kowane inji, idan yana aiki, wani hayaƙi yakan kuɓuce ta gefen zoben fistin ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake. Wani bawul da ake kira PCV ne ke mayar da wannan hayaƙi cikin inji ya ƙone, kuma yakan tafi da tururin mai. A injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin su TSI na Volkswagen da EcoBoost na Ford, fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shigar iska, sai wannan maiƙo ya daskare a kansu ya zama baƙin dauɗa. Aikin gwangwanin shi ne ya tare maiƙon a hanya. Iyakarsa ke nan. Ba ya gyara zoben da ya cinye, ba ya kankare dauɗar da ta riga ta taru, ba ya ƙara wa mota gudu.

Kwana tara da ɗaurawa, ina kan hanyar Zariya na taka totur zan wuce tirela, sai na ga shuɗin hayaƙi ta madubi. Da na tsaya na buɗe bonet, sandar awon mai ta yi tsalle ta fito, mai ya fantsama ko'ina, ƙasa kuma yana ɗiga ta tsakanin inji da giya.

A gareji bakanikena ya kwance gwangwanin ya miƙo mini, ya ce, "Alhaji, leƙa ka gani." Wayam. Babu raga, babu farantin da tururi zai buga mai ya sauka, kamar gwangwanin madara da aka yi wa fenti. Tiyon kuwa na ruwa ne, zafi da mai sun sa ya yi laushi ya manne. Abin da ya fi muni, cikin hanyoyi biyu da hayaƙin nan ke bi, yaron ya toshe wadda ke komawa bakin turbo, ya haɗa ɗayar mai zuwa hanyar shigar iska ba tare da bawul mai hana iska komowa ba. Mota mai turbo idan ka taka ta, iska ce mai matsi ke cika hanyar shiga, don haka maimakon injin ya yi numfashi, hura shi ake yi kamar balan-balan. Matsin ya fasa sil ɗin baya, wato robar da ke hana mai zuba tsakanin inji da giya, wanda sai an sauke giya kafin a kai gare shi.

Na kira mai kayan, ya ce wai injina ne dama ya gaji. Washegari ya toshe lambata, shafin kuma ya canza suna, amma hotunan su ne dai.

Don Allah idan za ku saya, a buɗe gwangwanin a gabanku ku ga abin da ke ciki, ku tambayi inda kowane tiyo zai shiga, kuma wanda ya san injin motarku ya ɗaura. Idan motarka tana shan mai, a fara duba PCV da turbo da zoben fistin tukuna. Wanda kuma ya riga ya ɗaura na mutumin nan, ya kai a cire shi yau, kafin ya hau babban titi.