Layin rukuni na tsofaffin sojoji a Zuru: yadda muka same shi bayan shekara huɗu

Mahaifina ya yi aikin soja har ya kai muƙamin samanja, ya je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma tun da ya ajiye kaki ya dawo gida Zuru babu abin da yake cinye masa kuɗi a hankali ba tare da ya ankara ba kamar katin waya. Shi ba mutum ba ne da zai kira tsohon abokin aikinsa ya ce masa ina kwana ya kashe. Sai an gaisa an tambayi iyali, an tambayi gona, an lissafa wanda ya kwanta da wanda ya riga mu gidan gaskiya, sannan a gangaro kan maganar da ta sa aka yi kiran, wadda kusan kullum ita ce ko fansho ya shigo. Ƙasar Zuru kuwa ƙasar sojoji ce tun zamanin Turawa, ita ta haifi irin su Janar Ishaya Bamaiyi da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, saboda haka abokan hirar Baba ba su da iyaka, daga Dabai zuwa Ribah da Mahuta, har Gummi da Gusau a jihar Zamfara.

A farkon 2021 wani abokinsa, wanda ɗansa yake aikin soja a Amurka, ya zo da labarin cewa a can kamfanonin waya suna yi wa sojoji da mazan jiya rangwame na musamman. Labarin gaskiya ne. Kamfanin AT&T ya shafe shekaru yana rage musu kashi 25 cikin 100 na kuɗin wata a kan tsare-tsarensa marasa iyaka, T-Mobile kuma ya fito da tsarin sojoji a 2018 wanda ya zaftare rabin kuɗin ƙarin layukan iyali, Verizon ma yana da nasa. Abin da ake nema wurin mutum shi ne shaidar cewa ya yi aikin, kamar takardar sallama da suke kira DD-214, a tantance ta ta intanet. Akwai ma dokar Amurka ta 2003, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya, da ta ba soja damar soke yarjejeniyar wayarsa ba tare da tara ba idan aka tura shi na kwana 90 ko fiye zuwa inda layin ba ya aiki. Sai dai tsarinsu na biyan kuɗin wata ne a kan yarjejeniya, mu kuwa a nan kati muke sayawa mu loda, don haka ko da an so a kwaikwayo abin ba zai zauna daidai yadda yake a can ba.

Da wannan labari a bakinsa Baba ya sa na raka shi ofishin ɗaya daga cikin kamfanonin sadarwa, ya ɗauki katin shaidarsa na mai ritaya da takardar sallamarsa a cikin wata tsohuwar jakar leda da yake ɓoye muhimman takardu. Yarinyar da ke kan tebur ta karɓe mu da mutunci, ta duba takardun da hannu biyu, sannan ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba mu da wani farashi na daban don sojoji. Amma idan kuna da ƙungiya, akwai layin rukuni da za ku riƙa kiran juna ba tare da an taɓa katinku ba." Wannan shi ne abin da ake kira CUG, kuma shi nake son in yi bayani a kansa, domin shi ne abin da ya fi kusa da rangwamen da tsofaffin suka je nema.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ƙungiya ce take rubuta wa kamfani takarda, ta haɗa jerin lambobin membobinta, dukansu a kan layin kamfani ɗaya, ta naɗa mutum guda da zai riƙa hulɗa da ofis. Kowane layi yana biyan ƙayyadadden kuɗi a wata, bayan haka duk kiran da ɗan rukuni ya yi wa ɗan'uwansa ɗan rukuni ba a cire masa komai. Idan ya kira wata lamba ta waje, ko da ta matarsa ce da ke cikin gida, daga katinsa za a cira kamar kowa. Tsofaffin suka haɗu su arba'in da ɗoriya, suka ɗora mini aikin tattara kuɗi da kai wa ofis, ba don na fi kowa ba sai don ni ne ɗan da yake kusa kuma yake da babur.

Ta fuskar kira, in faɗi gaskiya, abin ya biya. Kuɗin da Baba yake bayarwa na wata guda bai kai abin da yake kashewa a mako ɗaya a da ba, kuma murya tana fita tas a cikin garin Zuru da kan hanyar Dabai. Amma ribar da ta fi burge ni ba ta kuɗi ba ce. Akwai wani tsohon kofur a wani ƙauye bayan Ribah wanda ciwon suga ya kwantar, 'ya'yansa duk suna kudu, kuma kafin a sa shi cikin rukunin sai dai ya yi filashin ya jira wanda zai tausaya ya kira shi. Yanzu bayan sallar isha'i yakan kira Baba su yi ta hira, wani lokaci sai in ji Baba ya ajiye wayar a kan tabarma ya buɗe sifika yana ɓare gyaɗa, suna ta musu a kan shekarar da aka kwashe su daga Monrobiya. Ranar da jikinsa ya tsananta cikin dare, ba shi da ko sisi a waya, wannan layi ne ya sa aka samu wanda ya je da mota. Haka kuma rukunin ya haɗa Musulmi da Kirista kamar yadda bariki ya haɗa su, sanarwar jana'iza ko ta taron ranar tunawa da mazan jiya ta 15 ga Janairu tana zagaya kowa kafin azahar.

Inda aka fara samun tangarɗa shi ne wajen rajista. Tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma yawancin waɗannan dattawa ba da sunansu aka yi wa layukansu rajista ba; wani ɗansa ne ya saya masa, wani kuma a bakin tasha ya saya tun shekaru. Wasu sunan da ke takardar soja daban, na katin ɗan ƙasa daban, domin da sunan gari aka ɗauke su aiki. Na ga dattijo ɗaya ya ɗora yatsa a kan na'urar ɗaukar zanen yatsu sau takwas tana ƙi, saboda fartanya ta shafe zanen, har sai da ma'aikacin ya ce, "Baba, ku ɗan goga yatsan a goshi," sannan ta karɓa. A 2024, lokacin da aka rufe layukan da ba a kammala haɗa su ba, mutum shida suka faɗi daga rukuninmu a rana ɗaya, kuma mayar da su ya ci mini zirga-zirga ta kusan wata guda. Ma'aikatan ba su taɓa yi mana wulaƙanci ba, amma duk gyaran da ya shafi jerin sunaye sai an aika babban ofis an jira amsa, ko cire sunan mamaci ne a sa na matarsa.

Abu na biyu ya fi ci mini rai, ko da yake ba kamfanin ne ya jawo shi ba. A farkon Satumba 2021 hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta umarci a kashe sadarwa a duk faɗin jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle, don a samu damar fatattakar 'yan bindiga. Membobinmu na Gummi da Gusau suka yi ɗif, makonni ba a jin ɗuriyarsu, sai wanda ya samu ya tsallako iyaka ya kira ya ce suna nan lafiya. Mun riga mun biya musu kuɗin watan, kuma da na tambaya ko za a ɗaga musu shi zuwa gaba, aka ce tsarin bai tanadi haka ba. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, amma ga mutumin da yake ƙirga kwanakin fansho, kuma wanda aka katse masa layi saboda aikin tsaron da 'ya'yansa da ƙannensa suke yi a daji, rashin wannan ɗan sassauci ya yi nauyi. Ko yanzu da ba a kashe komai ba, a ƙauyukan da ke wajen Wasagu da Bena sabis yana zuwa yana tafiya, wani sai ya hau tudu ko ya tsaya gindin wata bishiya da kowa ya sani kafin ya samu sanda ɗaya. Kiran kyauta ba ya amfanar wanda wayarsa ba ta ganin turken sadarwa.

Sai maganar data, wadda ita ce babban giɓin wannan tsari. Wanda muka shiga na murya ne zalla, alhali rayuwar mai ritaya ta koma kan intanet ko ya so ko bai so ba. Sanarwar hukumar fanshon sojoji da ke Abuja a WhatsApp take fara yawo, hoton jikoki ta nan yake zuwa, kuma matan sojojin da mazajensu suke bakin daga a Borno ko a dazukan Zamfara kiran bidiyo suke so, su ga fuskar mutum su tabbatar yana ƙalau. Duk wannan sai an danna *312# an saya da farashin kowa da kowa. A Janairu 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, karo na farko tun 2013, kuma tsofaffin sun ji shi a jikinsu. Daga tsakiyar shekarar kuma aka koma cire naira 6.98 ta mu'amalar banki ta lambobin waya daga cikin kati maimakon asusun banki, wanda ke nufin dattijon da ya dogara da layin rukuni ya bar wayarsa babu kati ba zai iya duba ko fansho ya shigo ba. Baba ya sha kirana a kan wannan, yana cewa banki ya lalace, alhali naira goma ce babu a wayar.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa ƙarara don kada wani ya ruɗu da suna. Wannan ba rangwamen sojoji ba ne. Ƙungiyar direbobi ko ta malaman makaranta ko ta 'yan kasuwar hatsi za ta samu irinsa da sharuɗɗa iri ɗaya, kuma takardar sallamar da Baba ya ɗauko a jakar leda ba ta rage masa ko kwabo ba. Sauƙin da aka samu daga yawan mutane ya fito, shi ya sa kuma nauyinsa yake kan mutanen: idan wasu suka makara da biya, mai tattarawa ne zai cike daga aljihunsa ko ya bari a yanke su. Watan da fansho ya yi jinkiri nakan zagaya gida-gida, kuma ba abu ne mai daɗi ba yaro ya tsaya a ƙofar sa'an mahaifinsa yana tambayar kuɗi. Daga baya muka koma karɓar na wata uku a dunƙule bayan girbi da kuma duk lokacin da aka biya su wasu bashin haƙƙoƙi, abin ya yi sauƙi ƙwarai.

Ga dattijon da yawancin kiransa na tsofaffin abokan aiki ne, kuma yake zaune a inda sabis yake tsayawa, ina ganin shiga irin wannan rukuni ya fi sayen kati kullum nesa ba kusa ba, da sharaɗin a tabbatar layin da sunansa yake kuma an haɗa shi da NIN kafin a kai jerin sunaye, a kuma tambayi ofis tun farko ko akwai iyakar mintuna a wata da abin da zai faru idan an makara da biya. Ga soja mai ci da ake yi wa canjin wurin aiki, wanda yau yana barikin Dukku a Birnin Kebbi gobe an tura shi inda layin wani kamfani ne kaɗai yake kamawa, amfaninsa kaɗan ne, gara iyalinsa su riƙe layi biyu su sayi data ta wata. Mu dai mun sabunta namu a watan jiya, mutum talatin da tara, bayan mutum uku sun rasu, aka cire sunayen biyu daga cikinsu aka sa na matansu. Ta ukun ta ce a bar mata lambar mijinta yadda take, ita za ta ci gaba da biya.