Milton Abbas da Blaise Hamlet: Wanne Ya Fi Daɗin Zama?

A Dorset da ke kudancin Ingila, garin Middleton ya tsone wa wani attajiri, Joseph Damer, ido don ya yi kusa da gidansa. Sai ya rushe shi daga shekarun 1770, ya kwashe mutanen zuwa sabon ƙauyen da ya gina, Milton Abbas: gidaje 36 farare, ginin ƙasa, rufin ciyawa, duk fasali ɗaya, jere a titi guda. Daga waje gwanin sha'awa, amma iyali bibbiyu aka cusa a kowanne.

Blaise Hamlet kuwa, kusa da Bristol, gidaje 9 ne kacal kewaye da fili. John Nash ya zana su wajen 1811 domin tsofaffin ma'aikatan wani mai banki, John Harford. Kowanne da kamarsa, wani rufin ciyawa, wani na dutse, ga dogayen bututun hayaƙi. Ni dai nan zan zaɓa.